Lissafi a Ƙaramar Sakandare: Yadda Shekarar Karatu Ke Tafiya

Lissafi na cikin darussan da suka wajaba a kan kowane ɗalibi na ƙaramar sakandare a Nijeriya, wato aji ɗaya zuwa aji uku. Waɗannan shekaru uku su ne cikon shekaru tara na ilimin bai-ɗaya, shirin da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja ga ƙasa baki ɗaya. Saboda haka abin da ake sa ran yaro zai koya a Dawaki da ke ƙaramar hukumar Rano, ko a maƙwabciyarta Kibiya, shi ne ake sa ran takwaransa zai koya a Legas.

Abin da manhaja ta ƙunsa

An kasa darasin gida biyar: lambobi da ƙirga, tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa, aljabara, awo da siffofi, sai ƙididdiga. Kowace shekara ana komawa kansu, ana ƙara zurfi. A aji ɗaya ɗalibi na koyon manyan lambobi, da ɓangarorin lamba irin su rabi da sulusi, da sanya harafi a gurbin adadin da ba a sani ba. A aji biyu ana shiga kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, da lambobin da ke ƙasa da sifili. A aji uku kuwa ana warware matsalar da ke da adadi biyu da ba a sani ba, da alaƙar kusurwa da gefunan alwatika.

Zango uku

Shekarar karatu takan fara a Satumba ta ƙare a Yuli, an raba ta zango uku. A aji ɗaya, zangon farko galibi na lambobi ne, aljabara ta biyo baya, sannan siffofi da ƙididdiga. Makin kowane zango haɗi ne na gwaje-gwajen aji da jarrabawar ƙarshe.

Wannan jeri ba haka kawai aka yi shi ba, domin kowane mataki a kan na baya yake zaune. Wanda bai iya tara rabi da sulusi a Nuwamba ba, zai tsaya cak idan aka kawo masa aljabara a Fabrairu. A ƙasar noma irin Rano da Kibiya, zangon farko ya zo daidai da kaka, lokacin da iyaye ke buƙatar hannun yara wajen girbin gyaɗa, wake da dawa. Mako biyu na fashi a wannan lokaci yakan bar giɓin da zai bi yaro har ƙarshen shekara.

Harshe da misalai

Da Turanci aka rubuta littattafai, da shi ake jarrabawa, alhali yaro da Hausa yake tunani. Sau da yawa ba lissafin ne ya gagare shi ba, tambayar ce bai gane ba. Gogaggen malami yakan fara da abin da yaro ya sani. Idan an sayi buhu a kan naira 40,000 aka sayar 46,000, ribar 6,000 ce, wato kashi 15 cikin ɗari. Idan tiya uku da kuɗin mota naira 500 sun kama 6,500, nawa ce tiya ɗaya? Yaron da ya ce 2,000 ya yi aljabara ke nan, saura a nuna masa yadda ake rubuta ta. Gona mai tsawon mita 40 da faɗin 25 tana da murabba'in mita 1,000, kewayenta kuma mita 130.

Haka nan makarantar Islamiyya ta riga ta ba yaro kalmomi: rubu'i, sudusi da sumuni na rabon gado, da ɗaya bisa arba'in na zakkar kuɗi, wanda shi ne kashi 2.5 cikin ɗari. Ita kanta kalmar aljabara daga sunan littafin Al-Khawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na ƙarni na tara, wanda ya ware babban sashe na littafin ga matsalolin wasiyya da gado.

Inda shekarun ke kaiwa

A ƙarshen aji uku ana zana jarrabawar BECE, mai ba da damar wucewa babbar sakandare. Daga wannan mataki ne kuma makarantun kimiyya na Jihar Kano, irin su na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka kafa a 1977, ke tace ɗalibai ta hanyar jarrabawa. Can gaba, babu mai samun gurbin karatun likita, injiniya ko akanta ba tare da kiredit a lissafi ba.

Abin da iyaye za su duba

Katin sakamako a ƙarshen zango yakan zo a makare. Abin da ya fi shi bayani shi ne littafin aikin yaro: kwanan watan aiki na ƙarshe, ko malami ya duba, ko an yi gyara bayan kuskure. Ɗan kasuwa na iya miƙa wa ɗansa lissafin cinikin yini, ma'aikaci ya ba 'yarsa ta fitar da kason albashi da ke tafiya a kuɗin haya. In yaro ya kasa a Oktoba, akwai sauran lokacin gyara. In aka jira Yuli, shekara ta riga ta tafi.