Hatsarin Banƙarewa ga Ƙananan Yara a Wasannin Motsa Jiki: Nazari daga Ƙofar Ɗan Agundi, Kano

Tsakure

Banƙarewa, wato lanƙwasa gadon baya ta baya har tafin hannu ya taɓa ƙasa, tana cikin darussan farko na wasan jimnastik. Wannan maƙala ta bi sakamakon binciken likitocin ƙashi da na jijiya a kan illarta ga yara 'yan ƙasa da shekara 10, ta auna shi da yanayin da yara ke koyon ta a yankin Ƙofar Ɗan Agundi. An gano cewa girman hatsarin ya danganta da shekarun yaro, da yadda aka shigar da shi motsin, da kuma saurin kai shi asibiti idan ya yi ƙorafi.

Gabatarwa

Ƙofar Ɗan Agundi na cikin ƙofofin kudancin ganuwar Kano, ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Ta buɗe ne kan titin BUK, inda makarantu da filayen wasa suke, ciki har da Kwalejin Rumfa. Wasan juyi ba baƙo ba ne a nan. Yara maza sun daɗe suna alkafura a kan tulin yashin magina, suna langa da kokawa. Abin da ya ƙaru shi ne darasin motsa jiki a makarantun firamare, da ajin karate da takwando, da kuma bidiyon waya inda yaro ke ganin ɗan wasa ya gantsare har kansa ya kai diddige, ya tashi ya gwada. Yawancin wannan koyo a tsakar gida ko kan daɓen siminti ake yin sa, malamin kuwa sau da yawa wa ne ko aboki da ya riga shi iyawa.

Bambancin bayan yaro da na babba

Ƙashin baya jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran sun haɗe a ƙasa. Laka tana bi ta ramin da ke tsakiyarsu, ta ƙare a wajen ƙashin ƙugu na farko ko na biyu. A jikin ƙaramin yaro, wani ɓangare na waɗannan ƙasusuwa guringuntsi ne, jijiyoyin da ke ɗaure su suna da saki, tsokar ciki da ta baya ba su yi ƙwari ba, kai kuma ya yi wa jiki girma. Wannan ne ya sa yaro ke lanƙwasuwa cikin sauƙi, har iyaye su ce ba shi da ƙashi a jiki.

Sai dai laka ba ta da wannan saki. Leventhal ya nuna a 1960 cewa ƙashin bayan jariri na iya miƙewa kimanin santimita 5 bai karye ba, alhali laka tana tsinkewa kafin ta miƙe santimita 1. A 1982 Pang da Wilberger suka bayyana yaran da lakarsu ta lalace amma hoton ƙashi bai nuna karaya ko gocewa ba.

Rauni mai zuwa a hankali

Illar da aka fi sani ita ce tsagewar wani siririn sashe a bayan ƙashin ƙugu, galibi na biyar. Duk lokacin da aka banƙare, nauyi kan taru a wannan sashe. Maimaici ba hutu yana tsaga shi kamar yadda waya ke karyewa idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri guda. Jackson da Wiltse da Cirincione sun ɗauki hoton 'yan mata 100 masu jimnastik a 1976, suka sami tsagewar a jikin 11. Fredrickson da abokan aikinsa, da suka bi yara 500 'yan makaranta, sun ruwaito a 1984 cewa kashi 4.4 cikin ɗari na da ita a shekara 6, adadin ya kai kashi 6 bayan sun girma. A 1995 Micheli da Wood suka same ta a kashi 47 cikin ɗari na matasan 'yan wasa masu ciwon baya, manya kuwa kashi 5 kacal.

Ciwon baya a jikin yaro mai wasa, saboda haka, ba abin da za a ce "gajiya ce, zai ware" ba ne. Alamarsa ciwo a ƙugu da ke tsananta idan yaro ya gantsare, ya lafa idan ya huta. Idan an gano shi da wuri, hutun wasu watanni da gashin ƙashi sukan wadatar. Idan aka bar shi, ƙashin na iya zamewa gaba a kan na ƙasansa.

Rauni na farat ɗaya

Wannan bai kai na farko yawa ba, amma ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Mafi yawan rahotanninsa daga ƙasar Sin suke, inda ake sa ƙananan yara banƙarewa daga tsaye a ajin rawa. Labarin kusan iri ɗaya ne: yarinya 'yar shekara 5 zuwa 8 ta banƙare, ta zame ko ta faɗi, ta tashi da ƙafafunta tana kukan ciwon baya. Wani lokaci har ta ci gaba da darasi. Bayan mintuna ko 'yan sa'o'i ƙafafu su yi sanyi, su daina ɗaukar ta, fitsari ya riƙe. Hoton ƙashi ba ya nuna komai, sai na'urar MRI ce ke nuna kumburin laka a saitin ƙirji, sashen da tun asali jini bai wadace shi sosai ba. Masana na danganta abin da jan da laka ke sha da kuma tauyewar jinin da ke ciyar da ita. Da yawa daga waɗanda lakarsu ta mutu gaba ɗaya ba su sake takawa ba. A ƙarshen 2023 Ma'aikatar Ilimi ta ƙasar ta gargaɗi iyaye da masu horarwa game da sa yara 'yan ƙasa da shekara 10 wannan motsi.

Ba a ce duk banƙarewa cuta ba ce. Bitar da Sands da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ta nuna cewa miƙa gadon baya bisa tsari, mataki bayan mataki, a hannun ƙwararre, ba ya ɗauke da hatsari na musamman. Masu horarwa da yawa a Amurka ba sa koyar da ita kafin shekara 5, domin hannun yaro bai isa ya ɗaga kansa daga ƙasa ba, nauyin sai ya koma wuya.

Abin da ya keɓanta da Kano

Binciken da aka ambata ba a Kano aka yi shi ba. Yaron Ɗan Agundi yana da ƙarin abubuwan lura. Sikila ta yawaita a arewacin Nijeriya, tana raunana ƙashin baya, tana kuma toshe ƙananan hanyoyin jini. Laushin ƙashi saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci sananne ne, kamar yadda binciken Thacher a Jos ya tabbatar a 1999. Tarin fuka ma kan ci ƙashin baya a ɓoye kafin ƙusumbi ya fito. Duk yaron da ke da ɗaya daga waɗannan, ko mai lalurar Down wadda kan zo da sakin gaɓar wuya, bai kamata ya banƙare ba sai likita ya duba shi.

Tsarin koyarwa

Kafin shekara 5 gudu da tsalle da rarrafe da lilo sun ishi yaro. Daga nan a fara da ƙarfafa ciki da kafaɗu, sannan ya kwanta rigingine ya ɗaga ƙugu kawai. Sai ya iya miƙe gwiwar hannu, kansa ya bar ƙasa, za a bar shi ya yi cikakkiyar banƙarewa daga kwance, na 'yan daƙiƙu. Lanƙwasar ta bazu zuwa kafaɗa da ƙirji da cinya, kada ta taru a ƙugu. Faɗawa baya daga tsaye ita ce matakin ƙarshe, ba ta dace da ƙananan yara ba, kuma ko ga manyansu sai da katifa da malami mai tallafe ƙugu. Danna cikin yaro, ko jan hannunsa zuwa diddige, ko gasar wanda zai fi daɗewa, babu hujjar da ta halatta su.

Idan rauni ya faru

Ciwon baya bayan banƙarewa tare da jin ƙafa ta mutu, ko tsira kamar allura, ko rauni a tafiya, ko kasa fitsari, lamari ne na gaggawa, ko da yaron ya tashi da kansa. A kwantar da shi a miƙe kan abu mai tauri kamar ƙyaure ko benci, a tallafe kai da wuya. Kada a goya shi, kada a zaunar da shi a bayan babur ko a naɗe shi cikin adaidaita sahu. Masu ɗori suna da daraja a birni kuma su ake fara nema, amma murza da ja da suke yi wa karayar hannu na iya ƙarasa lakar da ta kumbura. Asibitin Murtala yana cikin gari, Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma suna da likitocin ƙashi da sashen gashi. A faɗa wa likita irin motsin da yaron ya yi da lokacin da alamun suka fara, a kuma tambayi batun MRI ko da hoton ƙashi ya fito lafiya.