Daga Fasawa zuwa Tambayar Maƙwabci: Tarihin Gane Halin Molekul Mai Caji

Tarkon lantarki da Wolfgang Paul ya ƙirƙiro a Jamus, wanda ya sa ya samu lambar Nobel a 1989 tare da Hans Dehmelt da Norman Ramsey, shi ya ba masana fiziks damar tsare ƙwayar zarra guda ɗaya mai caji. Gane halin da take ciki bai yi wuya ba: a haska mata lesa, walƙiyarta ko duhunta ya nuna matakin ƙarfin da take kai. Molekul kuwa ya ƙi wannan dabara. Yana juyawa, zarrorinsa suna makyarkyata, saboda haka da zarar ya sha haske sai ya faɗa ɗaya daga cikin ɗimbin matakan da lesar ba ta riskar su. Amma wannan makyarkyatar ce dai ta sa ake nemansa, domin ta dogara ne a kan nauyin furoton idan aka gwada shi da na elektiron, wanda ya ninka shi kusan sau 1836.

Mafita ta farko ita ce a fasa molekul ɗin da haske, a ƙirga abin da ya ɓace ko ɓaraguzan da suka fito. Hanya ce mai ɓarna, amma ba a raina ta ba. Da ita masu bincike a Dusildof da Amsterdam suka auna HD+ a 2020, da ita kuma ƙungiyar Eric Cornell da Jun Ye a Boulder ta Amurka ta yi amfani da HfF+ a 2023 wajen nuna cewa cajin elektiron bai nuna wata karkata ba har iyakar abin da awo ya kai, lamarin da ya ƙuntata wa ra'ayoyi da dama game da sababbin ƙwayoyi.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga ɗakin gwajin David Wineland, inda a 2005 Piet Schmidt da abokan aikinsa suka karanta halin zarrar alminiyam ta bakin zarrar beriliyam da ke tarko ɗaya da ita. Tunda cajinsu yana tunkuɗar juna, motsin ɗaya yana bayyana a jikin ɗayan. A 2016 ƙungiyar Schmidt a Braunschweig ta yi wa MgH+ haka ba tare da rusa shi ba. A 2017 Chin-wen Chou ya jagoranci irin wannan aiki a kan CaH+ a Boulder, sannan ƙungiyar Stefan Willitsch a Basel ta biyo da molekul na naitirojin a 2020.