AFC Wimbledon: Kulob ɗin da 'Yan Kallo Suka Kafa

Ranar Asabar, 29 ga Yunin 2002, jajiberin wasan ƙarshe na kofin duniya tsakanin Brazil da Jamus, maza 230 suka taru a wani makeken fili na jama'a da ake kira Wimbledon Common a kudu maso yammacin Landan, kowa riƙe da takalmin ƙwallonsa. An yi shela cewa duk wanda yake ganin ya iya taka leda ya zo a gwada shi. Kulob ɗin da ya yi shelar watansa ɗaya da haihuwa, ba shi da ɗan wasa ko guda, ba shi da filin kansa. Abin da yake da shi kawai shi ne dubban magoya baya da aka ƙwace wa kulob ɗinsu ido na ganin ido.

Tsohon kulob ɗin, Wimbledon FC, an kafa shi a 1889, ya zauna a filin Plough Lane tun 1912, kuma ya shafe shekaru kusan casa'in a ƙananan gasa. Sai a 1977 aka karɓe shi cikin gasar ƙwararru ta Ingila, a mataki na huɗu. Shekara tara bayan haka, a 1986, yana buga babbar gasar ƙasar. A 1988 ya yi abin da har yau dattawan unguwar ba su gaji da ba da labarinsa ba: ya doke Liverpool, zakarun Ingila na lokacin, da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley. Lawrie Sanchez ne ya ci da ka, mai tsaron raga Dave Beasant kuma ya tare fenaretin John Aldridge. 'Yan wasan sun yi suna wajen ƙeta da rashin tsoro, har aka yi musu laƙabi da Crazy Gang, wato gungun mahaukata. Cikinsu akwai Vinnie Jones da Dennis Wise da John Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Daga baya Efan Ekoku, wanda ya je kofin duniya na 1994 da Super Eagles, shi ma ya sa rigarsu shuɗiya mai ratsin ruwan ɗorawa.

Rushewar ta fara ne daga fili. Bayan turmutsutsun Hillsborough na 1989, wanda ya ci rayuka 97, aka wajabta wa manyan kulob su mai da filayensu na zama zalla, ban da tsayuwa. Masu Wimbledon suka ce Plough Lane ba zai gyaru ba, a 1991 suka kwashe kaya suka koma haya a Selhurst Park, filin Crystal Palace. An ce na ɗan lokaci ne. Aka yi shekara goma sha biyu ana haya. Mai kulob ɗin, Sam Hammam, ɗan asalin Lebanon, har ya nemi ya mai da shi Dublin, a wata ƙasa daban, abin bai yiwu ba. A 1997 ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga wasu attajirai biyu 'yan Norway. A 2000 kulob ɗin ya faɗo daga gasar Firimiya.

Ana cikin haka sai ga wani ɗan kasuwa, Pete Winkelman, daga Milton Keynes, sabon birni mai nisan kilomita kusan 90 arewa da Wimbledon. Birnin ba shi da kulob a gasar ƙwararru, shi kuma yana da shirin gina katafaren filin wasa tare da manyan kantuna, kuma ginin ba zai tashi ba sai da kulob a ciki. Maimakon a raini ƙaramin kulob na garin har ya girma, sai aka nemi a sayo wanda ya riga ya girma. A nan gida sayen gurbi ba baƙon abu ba ne, mun sha ganin mai kuɗi ya sayi gurbin wata ƙungiya ya sauya mata suna da gari, ba wanda ya ce uffan. A Ingila kuwa abin kunya ne, domin a wurinsu gurbi a fili ake cin sa. A 2001 hukumar gasar ta ƙi amincewa a mai da Wimbledon Milton Keynes. Masu kulob suka ɗaukaka ƙara, hukumar ƙwallon ƙasar ta miƙa maganar ga kwamitin mutum uku, kuma ranar 28 ga Mayun 2002 biyu suka yarda, ɗaya ya ƙi. A cikin rahotonsu har suka ce farfaɗo da wani kulob a Wimbledon ba zai amfani harkar ƙwallo ba. Wannan jimla ta yi wa sabon kulob aikin da babu mai talla da zai iya yi masa. Magoya baya suka haddace ta, suka buga ta a riguna da kyallaye.

Kwana biyu bayan hukuncin, ranar 30 ga Mayu, aka haifi AFC Wimbledon. Mutum huɗu ne suka ja gaba: Kris Stewart, Ivor Heller, Marc Jones da Trevor Williams. Ba attajirai ba ne, 'yan kallo ne masu sayen tikiti. Suka ɗora mallakar kulob ɗin a hannun ƙungiyar magoya baya mai suna Dons Trust, inda kowane mamba yake da ƙuri'a ɗaya, mai kuɗi da talaka. Tun da da hannun mutum ɗaya aka cuce su, suka tsara abin yadda babu mutum ɗaya da zai sake iya ɗaukar kulob ɗin ya tafi da shi.

Wasansu na farko na sada zumunta ne da Sutton United, ranar 10 ga Yuli. An lallasa su ci huɗu da nema, amma mutum 4,657 ne suka zo kallo. Aka ba su gurbi a gasar Combined Counties, mataki na tara, inda ƙungiyoyi suka saba buga wasa gaban mutum hamsin ko sittin da karnukansu. Wasan gasa na farko a Sandhurst Town sama da mutum dubu biyu suka cika ɗan filin. A daidai wannan lokaci tsohon kulob ɗin, wanda har yanzu yana Selhurst Park a mataki na biyu, yana buga wasa gaban kujeru babu kowa, domin magoya baya sun ƙaurace masa. Ya koma Milton Keynes a Satumbar 2003, a 2004 aka raɗa masa suna MK Dons.

Hawan da ya biyo baya ya yi sauri. Kakar farko sun ƙare na uku. Ta biyu sun ci wasa 42, canjaras huɗu, ba a doke su ko sau ɗaya ba. Daga Fabrairun 2003 zuwa Disambar 2004 sun buga wasan gasa 78 a jere ba tare da rashin nasara ba, tarihin da babu babbar ƙungiya a Ingila da ta kafa irinsa. Sun hau a 2004, sun hau a 2005, sai suka maƙale shekara uku a mataki na bakwai. A nan ne aka taɓa yanke musu maki 18 saboda sun sa ɗan wasan da takardunsa ba su cika ba, kafin a rage zuwa uku bayan ɗaukaka ƙara. Koci Terry Brown ya zo a 2007, ya hau da su a 2008 da 2009. Ranar 21 ga Mayun 2011, a filin Manchester City, suka kara da Luton Town a wasan cike gurbi. Aka tashi babu ci har ƙarin lokaci, aka je bugun fenareti. Golansu Seb Brown, wanda tun yana yaro mai goyon bayan Wimbledon ne, ya tare biyu, kyaftin Danny Kedwell ya zura ta ƙarshe. Shekara tara, hawa biyar, sun dawo gasar ƙwararru ta ƙofar gaba.

Akwai wani ɓangare na labarin da masu yabon kulob ɗin ba su cika tsayawa a kansa ba, ni kuwa ina ganin dole a faɗe shi. Filin da AFC Wimbledon ta zauna tun 2002, Kingsmeadow, gidan wata tsohuwar ƙaramar ƙungiya ne mai suna Kingstonian, wadda talauci ya raba ta da mallakarsa. Wimbledon ta saye shi a 2003, mai gida ya koma ɗan haya. Da lokacin komawa gida ya yi, sai ta sayar wa Chelsea, wadda ta mai da shi filin ƙungiyarta ta mata. An ba Kingstonian kuɗin sallama mai kauri, gaskiya ne, amma ta bar wurin a 2017 kuma tun daga nan take raɓe-raɓe a filayen wasu. Wanda ya san zafin rasa gida shi ne ya zama sanadin wani ya rasa nasa.

Gaba da MK Dons kuwa ba ta huce ba. A 2007 aka mayar da kayan tarihin tsohon kulob ga ƙaramar hukumar Merton, inda Wimbledon take, MK Dons ta janye da'awar cewa kofin 1988 nata ne. Haɗuwarsu ta farko a Disambar 2012 ce, a kofin FA, kuma MK ta yi nasara da ci biyu da ɗaya a mintin ƙarshe. Ranar 30 ga Mayun 2016, cikar kulob shekara 14 daidai, Wimbledon ta doke Plymouth Argyle ci biyu da nema a Wembley ta hau League One, mataki na uku. Ƙwallo ta biyu Adebayo Akinfenwa ne ya ci da fenareti, ƙaton nan ɗan asalin Najeriya da 'yan wasan kwamfuta suka sani da ƙarfin tsiya. A 2017 hukumar gasa ta tuhumi Wimbledon saboda ta ƙi rubuta kalmar Dons, laƙabin tsohon kulob ɗin, a allon sakamako lokacin da MK ta zo baƙunta. A 2018 MK ta faɗi, aka wayi gari ƙungiyar da aka fara da gwaji a filin jama'a tana sama da wadda ta sayi gurbinta. A Janairun 2019 kuma Wimbledon ta fitar da West Ham daga kofin FA da ci huɗu da biyu.

Babban gwajin mallakar jama'a ya zo ne wajen ginin sabon fili, a inda ake tseren karnuka a da, 'yan taku kaɗan daga tsohon Plough Lane. A ƙarshen 2019 shugabanni suka sanar cewa akwai giɓin fam miliyan 11, kuma wasu masu kuɗi a shirye suke su cike shi idan za a ba su iko. Magoya baya suka ce a'a, suka buɗe asusun ba da rance ga kulob ɗinsu, kowa ya zaɓi ɗan ribar da yake so, wasu suka ce ba sa son komai. Suka tara sama da fam miliyan biyar. Ranar 3 ga Nuwambar 2020 aka buga wasan farko a sabon Plough Lane mai ɗaukar mutum 9,215, aka tashi biyu da biyu da Doncaster Rovers, Joe Pigott ya ci ƙwallon farko. Bayan shekara 29 ana jira, annobar korona ta hana ko mutum ɗaya shiga kallo.

Bashin filin ya ci kuɗin sayen 'yan wasa, abin kuma ya nuna a fili. A kakar 2021/22 suka yi wasa 27 a jere babu nasara, suka faɗo League Two, mataki na huɗu. Kakar da ta biyo baya, ƙarƙashin sabon koci Johnnie Jackson, sun ƙare na 21, saura ƙiris su sake zurmawa. Da kulob ɗin wani gwamna ne ko wani attajiri, da tuni an kori kocin. Aka bar shi. A 2023/24 suka ƙare na goma, kuma a Maris ɗin 2024 Ronan Curtis ya ci MK Dons a minti na 94, filin ya kusa tsagewa da ihu. Muhawara kan ko a rage kason magoya baya a bar masu kuɗi su shigo ta ci gaba da dawowa a tarukan Dons Trust, domin a gasar da wasu kulob ke kashe miliyoyin da ba nasu ba, kuɗin tikiti da na mamba ba sa kai ka ko'ina da sauri.

A Satumbar 2024 kogin Wandle ya yi ambaliya cikin dare, ruwa ya ɓurma wani sashe na filin. Wasan kofin Carabao da za su karɓi baƙuncin Newcastle aka mai da shi St James' Park, suka sha kashi ci ɗaya. Jama'a suka tara sama da fam dubu ɗari don gyara, Newcastle kanta ta ba da dubu 15. Suka ƙare kakar a matsayi na biyar, kuma babu ƙungiyar da aka zura wa ƙwallaye kaɗan kamarsu a rukunin. A wasannin cike gurbi suka ci Notts County ɗaya da nema gida da waje. Ranar 26 ga Mayun 2025, gaban mutum sama da dubu hamsin a Wembley, suka haɗu da Walsall, wadda a watan Janairu ta ba kowa tazarar maki 12 a saman teburi kafin ta zube. Myles Hippolyte ya ci dab da tafiya hutun rabin lokaci, ba a ƙara cin wata ba. Wimbledon ta koma League One. MK Dons, wadda Winkelman ya sayar wa wasu 'yan kasuwar Kuwait a Agustan 2024, ta ƙare waccan kakar ta 19 a League Two.