Idan ɗan haya ya tafi kafin wa'adinsa ya cika

Gaya gari ne na baƙi. Gadar kogin Kwara ta haɗa shi da Malanbil a ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma tana kusa. Saboda haka yawancin masu kama ɗaki ko shago ko sito a garin mutane ne da fatauci ya kawo: direbobi, masu fiton kaya, dillalan gwanjo da na atamfa. Idan hanya ta buɗe sai haya ta yi tsada. Idan ta rufe sai a watse. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an kuma sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka tsayar da zirga-zirga a kan gadar. Mai gida kan wayi gari ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ɗan haya ba ya nan, wayarsa ba ta shiga, ga kuɗin wata uku ko huɗu a kansa.

Kada ka fasa ƙofa

Wannan ne kuskuren da ya fi jawo hasara. Gida naka ne, amma muddin yarjejeniya ba ta warware ba, haƙƙin zama a ciki na ɗan haya ne. Wanda ya ɓalle kwaɗo shi kaɗai, ya fitar da kaya, yana iya komawa wanda ake ƙara. Ɗan haya zai dawo ya ce akwai buhun shinkafa ashirin a ciki, ko kuɗi a cikin akwati, kai kuwa ba ka da shaidar da za ta ƙaryata shi.

Kuma ba kowace doguwar tafiya ce gudu ba. Wani jinya ta tsare shi, wani noma ya tafi ƙauyensu. Ka fara da bincike. Tambayi maƙwabta, da wanda ya kawo maka shi, da shugaban ƴan garinsu, domin baƙi a Gaya galibi suna da babba da suke saurara wa. Rubuta ranar da aka gan shi a ƙarshe, da ranakun da ka neme shi. Idan rubutu bai zauna maka ba tukuna, sa wani amintacce ya rubuta, ya karanta maka.

Wace irin haya kuka yi?

Malaman Malikiyya sun bambanta haya iri biyu. Akwai ta wata-wata, wadda kowa ke iya bari in ba a biya kuɗin gaba ba. Akwai kuma mai ƙayyadadden wa'adi, kamar shekara guda, wadda ta hau kan mutum biyun har ta ƙare. Wanda ya kama sito na shekara ya tafi a wata na biyar, tafiyarsa kaɗai ba ta sauke masa sauran kuɗin ba.

A dokar ƙasa ma ana duba abin da aka kama wurin dominsa. Nijar ta yi dokar hayar gidaje a 1996. Hayar shago da sito da ofis kuwa tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA, wadda aka sabunta a birnin Lome a 2010, kuma tana aiki a Nijar da Benin, ban da Najeriya. Sashe na 133 na wannan doka ya shimfiɗa hanya: sai an aika wa ɗan haya takardar gargaɗi, a faɗi sharaɗin da ya karya, a ba shi wata guda ya gyara. Idan watan ya wuce bai biya ba, sannan a je kotu ta warware hayar, ta ba da izinin karɓe wurin. Ma'aikacin shari'a da ake kira wisiye shi ne ya fi dacewa ya kai takardar, domin rahotonsa hujja ne a gaban alƙali. Aikinsa na kuɗi ne, amma bai kai hasarar shari'ar da mutum ya faɗi ba.

Kafin kotu akwai mai unguwa da fadar sarki, waɗanda doka ta ba ikon sasanta mutane. Sau da yawa a nan ake gamawa: ɗan'uwan ɗan hayar ya zo, a yafe wani abu, a biya saura, ya miƙa makulli. A rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Ranar buɗe ɗaki

Idan izini ya samu, a buɗe da rana a gaban wisiye ko wakilin mai unguwa da shaidu biyu. A lissafa kaya ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hotonsu da waya, a rubuta lambar da mitar Nigelec da ta ruwa suka nuna. Kayan da aka bari amana ne. Ba a sayar da su don cire bashi sai da umurnin alƙali ko rubutacciyar yardar mai su. Abin da ke lalacewa, irin su albasa ko busasshen kifi, a gaya wa hukuma da wuri ta yanke yadda za a yi.

Jinkiri ma yana da nasa lahani. Yankin Gaya ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, kuma ɗakin ƙasa da ya yi damina guda a kulle, yoyo da gara kan gama da rufinsa. Don haka a fara neman izini tun watan farko da kuɗi ya tsaya.

Daga kuɗin ajiyar da ɗan haya ya bayar tun shigarsa ake cire bashin haya, da na wuta da ruwa, da gyaran abin da ya ɓata da hannunsa. Tsufan gini ba ya cikin lissafinsa. Ranar da sabon ɗan haya ya shiga, a daina ƙirga wa tsohon, domin ba a karɓar kuɗin wata guda a hannun mutum biyu. Idan wani abu ya rage, a ajiye masa tare da takardar lissafin, a sanar da wanda ya tsaya masa.