Daga Tafkunan Kanwa zuwa Ajin Kimiyya

A yau ɗalibi yana haddace bambanci tsakanin gauraye, narkakke da haɗaɗɗen sinadari cikin darasi guda. Amma sai da manyan masana biyu na Faransa suka share shekaru suna jayayya kafin a shata wannan iyaka.

A 1798 Claude-Louis Berthollet ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar. A farkon 1799 ya ziyarci tafkunan kanwa na Wadi Natrun, inda ya lura kanwa tana fitowa a wuraren da ruwan gishiri mai yawa yake kwance bisa dutsen farar ƙasa. A ɗakin gwaji kuwa akasin haka aka saba gani. Daga nan ya fahimci cewa yawan kayan da aka haɗa yana iya juya akalar haɗuwarsu. Sai ya ƙara da cewa sinadarai ma suna haɗuwa a ma'auni mabambanta, ya kafa hujja da gilashi da narkakkun ƙarafa da ruwan gishiri.

Joseph-Louis Proust, wanda yake aiki a Sifen, ya ƙi yarda. A 1799 ya nuna cewa kabonat na jan ƙarfe, na cikin ƙasa da wanda aka haɗa da hannu, ma'auninsu ɗaya ne. A ganinsa misalan Berthollet gauraye ne ko narkakku. Gero da tsakuwa gauraye ne, ana tsince su. Gishirin Balma cikin ruwa narkakke ne: ido ba ya rarrabe su, ana iya ƙara shi ko a rage, kuma rana tana ƙafar da ruwan ta bar gishirin. Shi kuwa ruwan kansa haɗaɗɗe ne: giram 1 na haidurojin yana tafiya da kimanin giram 8 na oksijin, a Maraɗi ko a Madrid, kuma halinsa ya saɓa da na iskokin biyu.

Littafin John Dalton na 1808 ya ba da dalili: ƙwayoyin zarra suna haɗuwa ne a ƙidaya tabbatacciya. Proust ya yi rinjaye. Sai dai a 1914 Nikolai Kurnakov na Rasha ya raɗa wa wasu daskararrun sinadarai masu sauya ma'auni sunan Berthollet, domin an tabbatar akwai su.

Saboda haka, malamin da ya bai wa ɗalibai ma'anoni uku kawai ya ba su hukunci ne ba tare da shari'ar ba. A kai kanwa da gishiri aji, a bar yara su auna, su yi gardama.