Dala: Tafiyar Kalma Ɗaya daga Turai zuwa Kasuwar Dakoro

1. Gabatarwa

A kasuwar Dakoro, kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, mai sayar da goro zai ce wa mai saye: «Dala ashirin ne.» Mai saye ya miƙa ƙwandalar da aka rubuta wa 100, a rabu lafiya. Da yamma mutumin nan ya kunna rediyo, ya ji an ba wata ƙasa rancen dala miliyan kaza. Kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa sau biyu, amma tun daga 2015 dalar rediyo guda ta fi dalar kasuwa ɗari. A wannan takarda muna so mu bi sawun kalmar Ingilishi *dollar*, mu ga ma'anonin da ta ɗauka a bakin masu ita, da waɗanda Hausawa suka ɗora mata a ɓangarori biyu na iyaka. Muna ganin sanin wannan tarihi yana da amfani ga mai karanta tsofaffin takardu, da mai fassara labarai, da malamin lissafi.

2. Asalin kalmar a Turai

Wajen 1520 aka fara buga wata babbar ƙwandalar azurfa a kwarin Joachimsthal, wanda yau yake cikin ƙasar Cek. Jamusawa suka taƙaita sunan ya zama *thaler*, mutanen Holan suka ce *daalder*, Ingilishi suka ce *dollar*. A bakin Ingilishi kalmar ba ta tsaya kan kuɗin ƙasa ɗaya ba. Sun kira azurfar Sifaniya mai riyal takwas da ita. A 1804 Bankin Ingila ya fitar da wata ƙwandala mai wannan suna a kan sule biyar, har talakawan Ingila suka daɗe suna kiran sule biyar da shi. A 1792 Amurka ta mayar da shi sunan kuɗinta a dokance, daga baya Kanada da Laberiya da wasu ƙasashe suka bi. Ke nan tun kafin kalmar ta iso mana, ma'anarta ita ce babbar azurfa mai nauyi, ko wane sarki ne ya buga ta.

3. Wuri da azurfa a ƙasar Hausa

Kuɗin kakanninmu wuri ne, kuma kalmar *kuɗi* kanta jam'in *wuri* ce. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina zuwa Kano a 1851, ya bayyana yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar, a tara su tsibi-tsibi na 200 ko na 1.000. Ya kuma ce azurfa ɗaya tana canzuwa a kan wuri 2.500 a Kano. Azurfar da ta fi yawo a lokacin ita ce mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Sarauniyar ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga ƙwandalar da wannan shekara a jikinta, domin fatake ba su yarda da wata iri ba. Nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya.

Azurfar ta shigo ta hanyoyi biyu. Ta hamada, daga Tarabulus, ta zo da sunan Larabci, wato *riyal* ko *liyar*. Ta bakin teku da kogin Kwara kuwa, inda ƴan kasuwar Ingila suka fi yawa, ta zo da sunan *dollar*. A ganinmu daga nan *dala* ta fito. Ingilishin Ingila ba ya furta *r* ta ƙarshen kalma, shi ya sa *motor* ta zama *mota*, *soldier* ta zama *soja*, *dollar* ta zama *dala*.

4. Iyaka ta raba ma'ana

Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila sun raba ƙasar Hausa biyu, kowace ta kawo kuɗinta, kuma kowace ta nemi a biya haraji da su. Jama'a ba su ƙirƙiro sabon suna ba. Sun ɗauki tsohon sun liƙa wa ƙwandalar da ta fi kama da azurfar da suka sani.

A ɓangaren Ingila, hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fitar da ƙwandalar sule biyu, ita ce ta zama dala a Kano da Katsina. Da Nijeriya ta koma naira ranar 1 ga Janairu 1973, sule ya zama kwabo 10, dala ta zama kwabo 20. Da darajar kwabo ta zube, wannan ma'ana ta fita daga bakin matasa, har dala a Kano ta koma kuɗin Amurka kawai.

A ɓangarenmu, Faransa tana da ƙwandalar azurfa ta tamma biyar mai nauyin giram 25, wadda girmanta ya yi kusa da na Mariya Tereza. Ita ta gaji sunan. Lokacin da aka kafa mazaunin mulki a Dakoro a 1947, sefa ba ta wuce shekara biyu da haihuwa ba, domin ranar 26 ga Disamba 1945 aka ƙirƙiro ta. Manoman Kornaka da Birnin Lalle, da Fulani da Buzaye masu kawo bisashe kasuwa, sun karɓi sabon kuɗi suna ƙirga shi da tsohon ma'auni. Azurfar ta ɓace, ƴar ƙaramar ƙwandala mai launin rawaya ta maye gurbinta, amma lissafin bai motsa ba: 25 dala biyar, 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1.000 kuwa jika, wato dala 200. Ko karyewar darajar sefa a Janairu 1994, wadda ta rage rabin ƙarfinta a gaban kuɗin Faransa, ba ta taɓa wannan tsari ba.

Ba mu kaɗai ke ƙirga kuɗi biyar-biyar ba. Zabarmawa ma *dala* suke cewa. Bambara suna cewa *dɔrɔmɛ*, Wolof suna cewa *dërëm*, dukansu daga *dirhami* na Larabci. Sunan ya bambanta, ma'aunin ɗaya ne, domin ƙwandala ɗaya ce ta haife shi.

Akwai kuma wata *dala* da ba ta da dangantaka da wannan, wato Dutsen Dala na Kano da dalar gyaɗa, inda wasalin farko yake da tsawo. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido yana ganin kalma ɗaya inda kunne ke jin biyu.

5. Abin da wannan tarihi ke jawowa

Na farko, mai nazarin tarihi. Idan dattijo ya ce an biya sadakin mahaifiyarsa dala arba'in, dole mu tambayi shekara da wuri. A Katsina kafin 1973 fam huɗu ke nan. A Dakoro tamma 200 ne. Kafin zuwan Turawa kuwa azurfa arba'in ce, wadda bisa canjin da Barth ya gani ta kai wuri 100.000. Wanda bai tantance ba zai gina hukunci a kan kuskure.

Na biyu, mai fassara. Idan ya ce «dala miliyan ɗaya» bai ƙara «ta Amurka» ba, mai saurare a ƙauye yana iya jin sefa miliyan biyar, alhali maganar ta haura miliyan 500. Talaka ba zai iya auna bashin ƙasarsa ko kuɗin wani aiki da aka yi masa alkawari ba idan ma'aunin ya ruɗe masa.

Na uku, yaron makaranta. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta san cewa idan aka ba ta dala hamsin ta sayar da na dala talatin da biyar, canji dala sha biyar ne. A aji sai a rubuta mata 250 a cire 175, ta tsaya tana kallon allo, a ce ba ta iya lissafi ba. Abin da ta rasa shi ne wanda zai nuna mata cewa tsakanin lissafinta da na allo akwai ninki biyar.

6. Kammalawa

Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Masu rubuta littattafan lissafi da ƙamus za su fuskanci wannan kalma ko sun so ko ba su so ba. Shawararmu ita ce ƙamus ya jera ma'anoninta huɗu na kuɗi, kowace da zamaninta da yankinta, ƴan jarida su riƙa cewa «dalar Amurka» a cike, littafin aji kuma ya fara da dala da jika da yaro ya zo da su daga gida, sannan ya kai shi ga adadin da ke rubuce a jikin kuɗi.