Daga Rawanin Inna Zuwa Malfar Jaji

Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda M. D. Abubakar ya ƙidaya mata 4,983 da rikicin 'yan bindiga ya raba da mazajensu, kuma tun daga lokacin ake tambayar wanda zai yi magana da yawunsu a zaman sulhu. Ƙasar Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ta taɓa fuskantar wannan tambaya.

A 1808 rundunar jihadi, wadda Namoda na Alibawan wannan yanki yake cikin jagororinta, ta ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa, sai daula ta wayi gari da ɗimbin zawarawa da kamammun mata waɗanda suka saba da mulkin Inna, wato 'yar gidan sarautar Gobir mai shugabantar mata da 'yan bori, wadda take naɗa rawani kamar kowane basarake. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 da rasuwar Sarkin Musulmi Bello a 1837, Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, ƙungiyar matan karkara da suke zuwa wurinta ayari ayari ƙarƙashin jaji, dattijuwar da Asma'u take ɗora wa malfa da jan ƙyalle da hannunta, su karɓi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci su mayar ƙauyukansu.

A nan ra'ayi ya rabu. Wasu suna ganin karantarwa ce kawai ta tsarki da salla, amma masu bincike Jean Boyd da Beverly Mack sun nuna cewa malfar nan alamar ikon Inna ce aka ɗauko aka sauya mata alƙibla, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, domin wanda yake naɗi, yake aika wakilai garuruwan da yaƙi ya ɗaiɗaita, yake shigar da matan waɗanda aka ci da yaƙi cikin sabuwar al'umma, aikin mulki yake yi ko da ba ya zama a fada. Takobin Namoda ya buɗe birni, amma bai isa ya zaunar da zukatan matan da aka kwaso daga cikinsa ba.

Asma'u ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta gaje ta, Turawa suka zo ba su ba wannan tsari gurbi a mulkin En'e ba, kuma sai a 1979 matan Arewa suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya.